Jirgin ruwa mai injin jet: Gwani a ruwa marar zurfi, amma ciyawa ce lagonsa

Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya mamaye manyan sassa na birnin Maiduguri, kuma da kwale-kwale da manyan motocin soja aka riƙa kwaso mutanen da suka maƙale a gidaje. Tun daga nan, duk lokacin da damina ta ƙarato sai maganar tanadin jiragen ceto ta sake tasowa.

Haka lamarin yake a Tafkin Chadi, inda sojojin ƙasashen yankin ke fafatawa da mayaƙan Boko Haram da ISWAP a tsakanin tsibirai, ga masunta da 'yan kasuwa da ke neman hanyar ruwa daga Baga zuwa ƙasar Chadi.

Sai dai ana yawan magana kan adadin jiragen da za a saya, ba a cika tambayar wane iri ne ya dace da ruwan ba. Cikin waɗanda suka fi ɗaukar hankali akwai jirgi mai injin jet, wanda aka ƙera musamman domin ruwa marar zurfi. Amma yana da lago guda, kuma lagon nan ya cika ruwan wannan yanki: ciyawa.

Yadda yake aiki

Jirgin ruwa da aka saba gani yana da farfela da ke rataye a ƙarƙashin ruwa ta baya. Idan ruwa ya yi ƙasa, farfelar kan daki dutse ko yashi ta karye.

Wannan matsala ce ta sa wani manomi kuma injiniya ɗan ƙasar New Zealand, Bill Hamilton, ya samar da jirginsa na jet a 1954, domin ya hau kogunan ƙasarsu masu duwatsu da ƙarancin zurfi. A nasa tsarin, injin na zuƙo ruwa ta wata kafa mai ragar ƙarfe a ƙasan jirgin, wata farfela da ke ɓoye cikin bututu ta matse ruwan, sannan ta feso shi da ƙarfi ta baya. Wannan feshin ne ke tura jirgin.

Tunda babu abin da ke rataye a ƙasa, ƙaramin jirgi marar nauyi na iya wucewa a ruwan da zurfinsa bai fi santimita 10 ba, muddin yana gudu. A 1960 irin waɗannan jirage sun hau kogin Colorado ta cikin Grand Canyon a Amurka, a 1977 kuma Edmund Hillary ya hau kogin Ganges na Indiya da su.

Ga aikin ceto, yana da wata fa'ida babba: babu farfelar waje da za ta yanki mutumin da ke cikin ruwa yayin da ake ƙoƙarin jawo shi.

Inda gizo ke saƙa

Kafar da ke ba jirgin ƙarfi ita ce kuma ƙofar matsalarsa, domin duk abin da ke kusa da ita sai ta zuƙe: ciyawa, leda, igiya, guntun koma, yashi da tsakuwa.

Idan ciyawa ta toshe ragar, matuƙi zai ji ƙarar inji ta ƙaru amma gudu ya ragu, jirgin kuma ya fara karkarwa. A yawancin waɗannan jirage, daga famfon jet ɗin ake ɗibar ruwan da ke sanyaya inji, don haka toshewar kan sa injin ya yi zafi cikin ɗan lokaci. Yashi da tsakuwa kuwa cinye bakin farfelar ciki suke yi, har ƙarfin turawa ya ragu.

Sojojin ruwan Amurka sun yi amfani da ƙananan jiragen sintiri masu injin jet a kogunan Biyetnam daga 1966. Sun shiga lungunan da manyan jirage ba sa iya shiga, amma share ciyawa da tarkace daga famfo ya zame musu aikin yau da kullum.

Tuƙin da ya saɓa wa al'ada

Duk wanda ya saba da injin farfela sai ya sake koyon tuƙi, saboda abubuwa da dama a nan akasin abin da ya sani ne.

Na farko, sitiyari ba ya aiki sai da wuta. Juya bakin bututun feshi ne ke juya jirgin, saboda haka idan matuƙi ya hango kututture ya saki totur don tsoro, jirgin zai miƙe kan abin da yake gudu. Dole ya bar wa injin ɗan ƙarfi yayin da yake karya kwana.

Na biyu, tafiyar sannu a ruwa marar zurfi ta fi gudu haɗari ga inji. Idan jirgin na gudu, yana tashi ne ya riƙa shafar saman ruwa. Da ya rage gudu sai bayansa ya zauna, kafar zuƙo ta matso ƙasa ta fara shan laka. Shi ya sa gwanaye ke zaɓar wurin tsayawa tun daga nesa, inda akwai zurfi. Masu ƙera ƙananan jiragen jet kan ba da shawarar kada a tayar da inji sai zurfin ya kai santimita 60 zuwa 90.

Na uku, komawa baya a wurin da babu zurfi na watsa ruwa zuwa ƙasa, ya tayar da yashi da tarkace, injin kuma ya zuƙe su. Gara a kashe shi a tura jirgin da gora.

Idan aka tarar da ɗan facin ciyawa, ana iya ratsa shi da gudun da aka zo da shi ba tare da ƙara wuta ba, ko a kashe injin a bar jirgin ya sulale. Idan ya toshe, a kashe inji, a zare makulli, sannan a kwashe ciyawar ta ƙofar dubawa ko da ƙugiya. Sa hannu a kafar alhali inji na aiki na iya jawo asarar yatsu.

Duk wannan dabara ce ta ratsa facin ciyawa. Idan hanyar gaba ɗaya ta rufe, babu gwanintar da za ta yi amfani.

Ruwan da ake da shi

Tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, kafin fari ya janye kusan kashi 90 cikin 100 na faɗinsa. Tafki ne marar zurfi, kuma yawancinsa a yau fadama ce, da tsibirai da siraran hanyoyi a tsakanin dogayen ciyayi. Ta fuskar zurfi ya dace da jet, ta fuskar ciyawa kuwa ya zame masa tarko. Jirgin sintiri da ya tsaya cak a tsakiyar ciyayi ana share masa raga ya zama abin hari.

A fadamar Haɗeja zuwa Nguru, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa bayan madatsun Tiga da Challawa sun sauya yadda kogin ke gudana, har ta kai ana amfani da manyan injunan haƙa wajen tuge ta. A ambaliyar cikin gari kuwa, leda da tsummoki da igiyoyi ne ke maye gurbin ciyawa.

Akwai wasu zaɓuɓɓuka. A fadamun Florida ta Amurka ana amfani da jirgi mai ƙatuwar fanka a sama, wanda ba ya zuƙar ruwa sam, sai dai ƙararsa na da yawa. A Tailan akwai inji mai doguwar sanda da matuƙi ke ɗagawa ya karkaɗe ciyawa. Kwale-kwalen masunta da gora kuma har yanzu yana shiga inda inji ba ya shiga.

Abin dubawa kafin a saya

Jirgin jet zai yi amfani a kogi mai yashi lokacin rani, da aikin ceto a buɗaɗɗen ruwa. Amma kafin hukuma ta fitar da kuɗi, ya kamata ta fara sanin irin ruwan da jirgin zai shiga, ta ware kuɗin share hanyoyin ruwa, ta horar da matuƙa, ta kuma tanadi kayan gyara da makanikai a kusa.

Masunta da masu fito na yankin sun san inda ruwa ke da zurfi da inda ciyawa ta rufe a kowane wata na shekara. Tuntuɓar su kafin a ba da kwangila ba ta cin ko sisi, kuma tana iya zama bambanci tsakanin jirgin da zai isa wurin mutanen da ruwa ya tsare da wanda zai maƙale a hanya shi ma yana jiran ceto.