Rancen Keke: A Tuna Da Malamai Mata

'Yan'uwana mata, duk wadda ta fito bakin titi a Funtua ko Malumfashi da misalin ƙarfe bakwai na safe za ta ga kekuna sun dawo. Ga malamin makaranta da littattafai ɗaure a kariya, ga masinjan ofis, ga ma'aikacin asibiti. Waɗansu kekunan da gani ka san daga bayan rumbu aka zaƙulo su, aka kaɗe ƙura, aka kai wa mai faci. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Tun ranar 29 ga watan Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Ɗan acaba ya ƙara kuɗi, babur ya zama doki, kullum sai an ba shi hatsi. A 2001, da Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya ce a koma hawan keke, har wata mota ta ture shi a Abuja, dariya aka yi ta yi masa. Yau ba mai dariya.

To, amma sabon keke ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci ya biya lokaci guda. Shi ya sa muka ji waɗansu masu ilmi suna cewa a kwaikwayi dabarar Ingila, kuma ya kamata mu san yadda take kafin mu tafa. Tun 1999 dokarsu ta yarda wurin aikin mutum ya sayi keke ya ba shi haya, a riƙa cire kuɗin daga albashinsa wata-wata kafin a lissafa haraji. Watau abin da aka cire ba a ɗora masa haraji. Matsakaicin ma'aikaci yakan tsira da kamar fam 28 cikin kowane fam 100, mai babban albashi kuwa 42. In wa'adi ya cika ya biya ɗan abu kaɗan, keke ya zama nasa. Amma fa wanda cirewar za ta kai albashinsa ƙasa da mafi ƙarancin albashi na doka ba a yarda ya shiga ba. Kun ji fa! Ko a can, mai shi ake ƙara wa.

Mu dawo gida mu yi lissafi irin na aji shida. Mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira 70,000 ne a wata, watau 840,000 a shekara. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni 2025 ba ta ɗora kome a kan naira 800,000 na farko, abin da ya biyo baya kuma 15 cikin 100 ne. Ashe mai ƙaramin albashi ba shi da wani haraji da za a rangwanta masa. Wadda ta ɗan haura, a ce keke ya kama naira 120,000, iyakar abin da za ta tsira da shi 18,000. Ba mu raina ba, kuɗin buhun gawayi ne da 'yan kai. Amma abin da ke hana malama keke shi ne rashin kuɗin a dunƙule.

Maganin wannan kuwa kakanninmu sun san shi. A zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, ana ba ma'aikaci rancen keke, a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan, har da alawas na keke ga wanda aikinsa na yawo ne. Da haka malaman makaranta da malaman gona suka zaga ƙauyukan Bakori da Danja da Ƙafur a kan Raleigh, suna duba gonakin auduga da makarantun elementare. Tambayi kowane tsohon malami, zai gaya miki ranar da ya karɓi nasa kamar jiya aka yi. Saboda haka roƙonmu ga Hukumar Ilmin Bai-ɗaya ta Jihar Katsina da Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa shi ne a farfaɗo da wannan, a sayo kekuna a sari don su yi sauƙi, a ba da su ba ruwa, a cire cikin shekara guda ko biyu. In Gwamnati ta ga dama ta ƙara da rangwamen haraji, madalla.

Yanzu ga inda ya shafe mu. Da zarar an ce keke, za a ce ai harkar maza ce, a rubuta sunayensu, mu a ce mu jira. Alhali kuwa malama ce ta fi kowa shan wahalar hanya. Namiji ya iya tsayar da kowace mota ya ɗare, ko ya taka. Mace sai ta gama abin kari, ta shirya yara, sa'an nan ta tsaya bakin hanya da goyo tana ciniki da ɗan acaba, in ta makara kuma a ja mata jan layi a rajista. Ni da nake koyarwa a wani ƙauye bayan gari na san abin da kuɗin zuwa da dawowa yake yi wa albashi, kamar gara da zana.

Za a ce matar aure ba ta hawan keke a ƙasarmu. Gaskiya ne ba a saba gani ba, kuma ba mu zo mu haɗa kowa faɗa da maigidanta ba. Ni dai ban ga aibin keken mata ba, wanda ba shi da ƙarfen tsakiya, a kan hanyar ƙauye, da sutura cikakkiya, muddin an sa wa sarƙa murfi, domin duk mun ji labarin abin da hijabi yake jawowa in ya shiga taya. Matan Wagadugu a kansa suke zuwa kasuwa da ofis. Kowane gida ya yanke wa kansa. Amma ko malama ba ta hau ba, keke a gidanta yana da aiki: ƙane ya kai ta makaranta, yaro ya kai niƙa, ya ɗebo ruwa a jarka, 'yarta ta je sakandare a kai. A Jihar Bihar ta Indiya, daga 2006 aka shiga ba 'yan mata masu shiga sakandare kuɗin keke, kuma yawan masu ci gaba da karatu ya ƙaru ƙwarai. 'Yan matanmu nawa ne aka zaunar bayan firamare don kawai makarantar ta yi nisa? Ba muna nufin hanyoyin dajin Faskari da Sabuwa ba, inda maganar tsaro ta fi gaban keke.

Sai dai kashedi. Wata abokiyar aikina ta karɓi keke bashi a wajen wani ɗan kasuwa, aka rubuta rasit da sunan maigida don wai ya fi tsari. Da damina ta faɗi ya sayar ya sayi taki. Ita kuwa ta ci gaba da biya har wata bakwai, tana kuma biyan ɗan acaba. Don haka in shirin nan ya zo, wadda za a cire a albashinta sunanta ne a takarda, da lambar da ke jikin keken. Kada ta sa hannu sai an rubuta mata jimlar kuɗin, da abin da za a cire kowane wata, da watan da za a daina, domin cirewar albashi ta fi saurin farawa da tsayawa. Ta tambaya kuma: in an yi mata canjin wurin aiki, ko an sace keken, yaya ke nan? Wadda take da wani rance a kanta ta haƙura tukuna.

Kafin hukuma ta motsa kuma, mu da muka iya adashin kwanuka da atamfa ba za mu kasa na keke ba. Malamai goma sha biyu, kowace ta zuba naira 10,000, duk wata guda ta ɗauka, waɗanda makarantarsu ta fi nisa su fara kwasa. Mu a makarantarmu mun kai bakwai, muna neman biyar.