Keke Mai Injin Lantarki: Keke Ne Ko Babur?

Ran 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin man fetur, kuma litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Malamin makarantar da ke zaune cikin garin Gummi yana koyarwa a Daki Takwas, ko ma'aikacin asibiti da ke zuwa ƙauyukan Bukkuyum, ya san abin da wannan ya yi wa albashinsa. Ba abin mamaki ba ne idan irin waɗannan mutane suka waiwayi tsohon keken da ke jingine a zaure, musamman da yake yanzu ana sayar da injin lantarki da batir da za a iya ɗaura masa, ya riƙa tafiya ba tare da an taka feda ba.

Dabarar ba ta da laifi. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙarfin injin. Mutum mai lafiya idan yana tuƙa keke a tsanake, ƙarfin da ƙafafunsa ke bayarwa bai wuce wat 100 da 'yan kai ba, kuma a kan wannan ma'auni aka ƙera firam da birkin Raleigh da Phoenix da iyayenmu suka hau. Injunan da matasa suka fi sha'awa kuwa na wat 1,000 ne zuwa 1,500, masu iya kai keke gudun kilomita 50 a sa'a. Ɗaliban kimiyya sun san lissafin: idan gudu ya ninka biyu, aikin da birki zai yi ya ninka huɗu. Watau daga kilomita 20 zuwa 50, ana neman ɗan guntun robar nan da ke matse ƙafar keke ya yi aikin da ya fi nasa sau shida. Ba zai iya ba, balle in ya jiƙe da damina, balle kuma a kan yashi da buhun gero a kariya. Har wa yau, injin da aka sa a ƙafar gaba yakan murɗe bakin ƙarfen da ke riƙe da ita sannu a hankali, har wata rana ƙafar ta fice ana cikin gudu.

Ƙasashen da suka riga mu shiga wannan harka sun ja layi. A Ingila da Tarayyar Turai, keken lantarki ba ya wuce wat 250, kuma dole injin ya daina turawa da zarar an kai kilomita 25 a sa'a. Sin, wadda ta fi kowa yawan irin waɗannan kekuna, ta tsayar da wat 400 da kilomita 25 tun 2019. Amurka ta sassauta zuwa wat 750. A Ingila abin da ya haura iyaka babur ne a idon doka, sai da lamba da lasisi da hular kwano.

Amma fa batir ya fi birki ban tsoro, domin shi yana kashe wanda bai hau ba. Batirin litiyam idan ya kama, wutarsa ta kan tashi cikin daƙiƙoƙi da hayaƙi mai guba, kuma ya kan sake ruruwa bayan an ɗauka ta mutu. A 2023 irin wannan gobara ta kashe mutum 18 a birnin New York. A Fabrairun 2024 wasu 15 suka rasu a Nanjing ta ƙasar Sin, bayan wuta ta tashi daga inda ake ajiye kekunan lantarki a gindin wani bene. Hukumar kashe gobara ta Landan ta sha nuna cewa kekunan da aka yi wa haɗin gida, da cajar da ba ta dace da batir ba, su ne kan gaba wajen haɗari. To, a auna wannan da halinmu: zafin bazara da ke haura digiri 40, wutar lantarki mai zuwa da tsakar dare ta tarar an bar caja a jone, da batirin da aka harhaɗa daga tsofaffin batiran kwamfuta, a ɗakin da yara ke kwana kuma ƙofarsa ɗaya ce.

Mai neman araha zai ce sai a koma ga batirin dalma, irin na mota. Mutanen Anka da Bukkuyum ba su bukatar a yi musu bayanin dalma. Gubarta ta kashe yara fiye da 400 a 2010 a Bagega, Dareta, 'Yargalma da maƙwabtansu. Wancan daga dutsen zinariya ne, amma dalmar da ke cikin mataccen batir da aka fasa a tsakar gida ita ce dai wannan dalmar.

Akwai kuma batun tsaro. A 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta hana zirga-zirgar babura da dare da sayar da fetur a jarka, don ta karya lagon 'yan bindiga. In an sake kafa irin wannan doka, me jami'in da ke shingen hanyar Anka zai kira abin hawa mai gudun babur, marar ƙara, wanda ba ya shan mai? In ba a fayyace tun yanzu ba, talaka mai ƙaramin inji ne zai sha wahala a hannun masu fassara doka yadda suka ga dama.

Ra'ayinmu shi ne Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya ta tsayar da iyakar wat da ta gudu, abin da ya haura a ɗauke shi babur. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki kuma ta sa ido kan batir da caja tun daga tashar jiragen ruwa. Ƙananan hukumomin Gummi, Anka da Bukkuyum ba sai sun jira Abuja ba. Masu gyaran keke da masu gyaran sola na garuruwan nan su ne za su yi haɗin, kuma ba su da yawan da zaure ɗaya zai kasa ɗauka. A tara su, a nuna musu yadda ake canza birki da ƙarfafa ƙafar da ke ɗauke da inji, a kuma ware wurin karɓar matattun batira a bakin kasuwa.