Na fasa sayen GPU, na ɗauko firintar resin

Wasunku sun ce na yi asarar kuɗi da na bar GPU na sayi Elegoo Mars. To, ku saurara.

Duk daren Asabar mu huɗu muke haɗuwa a ɗakina a Sentul, mu baza ƙananan sojoji masu tsawon milimita 28 a tebur: 'yan mashi a tsakiya, 'yan bindiga a gefe. Mun buga yaƙin Rocroi na 1643 har ya gundure mu. Da na nemi sojojin Songhai don yaƙin Tondibi na 1591, inda ƙarar bindigogin Judar Pasha ta juyo da shanun da Askiya Ishaq ya kora musu, ban samu a shagunan da na leƙa ba. Sai na zana su da kaina a Blender.

Firintar filament ba za ta iya wannan aikin ba, rawani ma sai ta mayar da shi malmalar tuwo. Resin kuwa har layar wuya yana fitarwa. Sai dai akwai wari, dole ka sa safar hannu ka buɗe taga, kuma masun suna saurin karyewa, shi ya sa nake musanya su da waya.

Makon jiya abokina ɗan Malesiya ya riƙe Songhai, ya ƙi sakin shanun. Wallahi ya cinye mu.