Ruwa ba ya tsami banza: dokar gaɓar Chesapeake

A gabashin Amurka akwai wata babbar mashigar teku da ake kira Chesapeake, inda ruwan daɗi na koguna ke garwaya da ruwan gishiri. Kogin Susquehanna shi kaɗai ke kawo kusan rabin ruwan daɗin da ke shiga cikinta. Tun kaka da kakanni masuntan wurin suna cin abinci da kifi da ƙaguwa da kawa.

Daga shekarun 1970 sai arziki ya soma ja da baya. Da masana suka bi sawu, suka tarar cutar daga tudu take gangarowa. Takin gonaki da dagwalon birane suna kwarara cikin ruwa, gansakuka ta yi yawa, in ta ruɓe ta shanye iskar da kifi ke shaƙa. Kowane gida da aka gina a gaɓa kuwa yana rage itatuwan da ke tace ruwan sama.

A shekarar 1984, zamanin Gwamna Harry Hughes, majalisar dokokin jihar Maryland ta kafa doka a kan duk ƙasar da ke tsakanin ruwan da mita 300 daga gaɓa. Mita 30 na farko an bar su ga itatuwa da ciyawa, ba a sabon gini. Sauran an raba shi gida uku: inda gari ya riga ya cika, inda aka yarda da gini kaɗan, da wuraren daji da noma, inda gida ɗaya tak aka halatta cikin kimanin hekta 8. Jihar Virginia ta bi sahu da tata dokar a 1988.

Masu filaye ba su ji daɗi ba, don filin bakin ruwa ya fi kowane tsada. Hujjarsu ita ce, mutum da dukiyarsa bai kamata a ɗaure masa hannu ba. Amsar hukuma ita ce, fili na mai shi ne, amma abin da ya gangaro daga cikinsa yana faɗawa tukunyar kowa.

Sai dai doka ba ta tsare kanta. An bar ƙofar neman sassauci, kuma wasu sukan yi gini tukuna su nemi izini daga baya. Wannan ya sa a 2008 Maryland ta ƙara tsananta hukunci, ta kuma faɗaɗa shingen zuwa mita 60 ga sababbin rabon filaye a wuraren daji da noma.

A 2010 gwamnatin tarayya ta tsai da iyakar ƙazantar da za ta shiga ruwan, da wa'adin 2025. Wa'adin ya cika ba a kai ga dukan abin da aka nufa ba. Gaɓar da aka hana ginawa tana nan da itatuwanta, amma takin da ke fitowa daga gonakin nesa bai san iyakar mita 300 ba.