Wai Mutanen Fadama Ragwaye Ne?

Ya ku 'yan makaranta, akwai wata magana da ta yawaita a bakin 'yan boko, wai ragwanci ne ya talauta ƙauyukan fadamar Haɗejiya. Wannan magana ƙarya ce, ga kuwa dalili.

A da, kogin Haɗejiya yakan cika da damina ya malale fadama, mutanen Guri da Kirikasamma su shuka shinkafa, su kama kifi. Rani na yi ruwa ya janye, Fulani su sauko da shanu. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, sai ruwa ya bar bin lokacinsa, ya riƙa zuwa rani da damina. Ciyawar nan kacalla ta sami abin da take so, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama masaukin jan baki masu wawashe hatsi. Da ambaliyar 2022 ta zo, gonaki da gidaje suka nutse.

To, mutumin da ya wuni cikin ruwa iya ƙirji yana saran kacalla, shi ne rago? Haba!

Ku da kuka iya rubutu, ku ne bakinsu. In kun tafi hutu ku zauna da dattawa, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku rubuta wa hukuma a yashe kogi, a saki ruwa bisa lokacin noma. Allah ya sa mu gane, amin.