Tejas: Jirgin yaƙin da Indiya ta shekara 33 tana ƙerawa

Yau za mu leƙa birnin Bengaluru na ƙasar Indiya, inda kamfanin gwamnati mai suna HAL ke ƙera ƙaramin jirgin yaƙin da ake kira Tejas, ma'ana haske.

A 1983 Indiya ta ƙudiri aniyar ƙera jirginta, domin ya gaji tsofaffin jiragen MiG-21 na Tarayyar Sobiyet. Zanen aro ba ya rufe katara: ranar da mai sayar maka da jirgi ya yi fushi, ranar za ka rasa kayan gyara. Tejas ya fara tashi ranar 4 ga Janairu, 2001, amma bai kama aikin soja ba sai Yulin 2016.

Aikinsa shi ne tsaron sararin samaniyar ƙasa, tare jiragen abokan gaba, da kai hari ƙasa. Injinsa ɗaya ne, kuma yana gudun da ya ninka na sauti fiye da sau ɗaya da rabi. Fukafukansa siffar alwatika gare su, irin na jirgin takarda da muke naɗewa a aji. An yi babban ɓangare na jikinsa da zaren kabon da aka daskarar da gam na musamman, mai ƙwari amma mara nauyi. Raguwar nauyi na nufin ƙarin mai da makamai.

Ga abin mamakin: da gangan aka tsara shi ba ya iya daidaita kansa a iska. Ku gwada tsayar da tsintsiya a tafin hannu. Tana saurin karkata ko'ina, sai kuna ta gyara ta. Wannan saurin karkatar shi ake so a fagen daga. Tun da hannun mutum ba zai iya gyaran da sauri haka ba, kwamfuta ce ke yi. Matuƙi ya motsa sandar tuƙi, kwamfuta ta lissafa, sannan ta motsa sassan fukafukan.

Wani kamfanin Amurka ne ke taimaka musu a wannan manhaja. Da Indiya ta yi gwajin nukiliya a 1998, Amurka ta ƙaƙaba mata takunkumi, taimakon ya yanke. Injiniyoyin Indiya suka zauna suka ƙarasa da kansu.

Inji kuwa ya gagara. Nasu mai suna Kaveri bai ba da ƙarfin da ake buƙata ba, don haka Tejas na tashi ne da injin F404 na kamfanin General Electric na Amurka. Haɗa ƙarfen da zai jure zafin cikin inji ilimi ne da ƙasashe ƙalilan suka mallaka.

Mu lura: lissafi ne ya ba jirgin nan ƙwaƙwalwa, fizis ya zana fukafukansa, kemistiri ya yi jikinsa. Darussan da muke gudu ranar Litinin ke nan.

Tambayar mako: me ya sa jirgi mara nauyi ya fi saurin juyawa? Ku tattauna da malaminku na fizis. Sai mako mai zuwa.