Ina Mashayin Zango Zai Dosa In Ya Tashi Dainawa?

Sharhinmu na yau ya taɓo maganar da ba a son yi a Zangon Kumasi, wato maganar giya.

Daga Aboabo zuwa Asawase, daga Sawaba zuwa Akwatia Line, in ka tambayi dattijo ko akwai mashaya a unguwarsu, sai ya ce haba, mu fa Musulmi ne. Amma kowa ya san gidan da uwa ke kwana ido biyu tana jiran ɗanta ya shigo yana tangaɗi. Akpeteshie, giyar gargajiyar da aka halatta a Ghana tun 1962, ba ta da tsada. Ɗan Zango kuwa ba ya sha a idon mutanensa. Yakan tsallaka unguwar da ba a san babansa ba, ya sha, ya tauna goro don kashe wari, ya dawo. Wannan ɓoyon shi ke sa ciwon ya ci jiki kafin a farga.

To, ranar da ya gaji ya ce zai daina, ina zai dosa?

Farko dai asibiti. Wanda ya shekara yana sha kullum, in ya yanke lokaci guda, jikinsa na iya ɗaukar rawa, ya riƙa gane-gane, har ya faɗi kamar mai farfaɗiya cikin kwana biyu zuwa uku, kuma abin yana kisa. Kada a kulle shi a ɗaki a ce aljanu ne. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku na ƙasar nan, na Accra da Pantang da Ankaful, duk suna can kudu, amma a nan Kumasi asibitin koyarwa na Komfo Anokye yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Akwai kuma ma'aikatan jinya na wannan fanni a asibitocin gunduma. Su ne na farko da za a tambaya inda masu murmurewa ke haɗuwa.

Domin asibiti jiki yake wankewa. Bayan sallama, mutum zai koma wa abokansa na da, da bashinsa, da matar da ta daina yarda da rantsuwarsa. A nan ne taron 'yan'uwa a ciwo yake da amfani. A 1935, a garin Akron na Amurka, wasu mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka gano cewa in suna zama suna faɗa wa juna gaskiya, sukan iya wuce yini ba su sha ba. Daga nan aka samu ƙungiyar Alcoholics Anonymous. Tsarin ba wuya. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a tambayar sunan mahaifi, abin da aka faɗa a ɗaki a ɗaki yake tsayawa. Wanda ya daɗe da dainawa yakan riƙe hannun sabon zuwa, ya ba shi lambar wayarsa don daren da sha'awa ta taso. Ba a ce masa ya yi alkawarin har abada. Na yau kawai ake nema.

A Ghana irin wannan aiki ya fi ƙarfi a wajen Accra, kamar gidan farfaɗowa na House of St. Francis da ke Ashaiman, wanda ke da alaƙa da cocin Katolika. Na san abin da ɗan Zango zai ce: ni in shiga harabar coci? Ɗan'uwa, taron ba ya tambayar addininka, kuma ranka ya fi surutun mutane. Ana ma yin irinsa ta waya da intanet. Amma ƙorafin yana da tushe, kuma Musulmin Baltimore sun amsa shi tun 1989, lokacin da suka kafa Millati Islami, suka ɗora matakai goma sha biyu na Alcoholics Anonymous a kan Alƙur'ani da Sunna. Me zai hana Kumasi?

Ba mu rasa ɗakuna ba. Makarantun Islamiyya nawa ne ke rufe bayan sallar isha'i? Abin da muka rasa shi ne riƙon sirri, da haƙurin barin masu ciwon su ja ragamar zamansu ba tare da an mai da shi wurin wa'azi ba. Haramcin giya ba ya cikin shakka, shi ma mashayin ya sani. Amma malamanmu sun fi mu sanin cewa a hankali, mataki-mataki, aka saukar da haramcin, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a tsine wa wani sahabi da aka sha kamawa da shan giya, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa.

Muna roƙon Sarkin Zango da limamanmu da shugabannin matasa su ware ɗaki guda, dare guda a mako, su gayyato ma'aikacin lafiya ya taimaka a fara. Ke kuma uwa, ke matar gida, ku daina rufa ciwon da zani. Kai da kake saurarenmu kana fama, gobe da safe ka je asibiti ka ce kana son daina giya, ka tambayi inda ake taro. Allah Ya ba ka lafiya.